Yadda ake gane tsawon itace ko gini da inuwarsa ba tare da an hau ba

Duk wanda yake zaune a Legas ya san yadda gidaje suke a cunkushe, katangarka ita ce ta maƙwabcinka, wayar wuta ta bi ta saman kwanon wannan ta sauka a na wancan, to a irin wannan wuri sanin tsawon abu ba ƙaramin abu bane. Kwakwa ce ta tsufa a tsakar gida ana so a sare ana tsoron kar ta faɗa wa katanga, ko tanki ne a sama za a sayo fayif, ko kwamitin masallaci ne za su ɗaura lasifika a hasumiya suna so su san waya yadi nawa za a sayo da tsani mai tsawon nawa za a aro. Abin da aka saba shi ne mutum ya ɗaga kai ya ce "ai wannan zai kai ƙafa talatin", wani ya ce a'a arba'in ne, ƙarshe a ce wa yaro ya hau da igiya. Wannan hawan shi nake so a daina wallahi, musamman inda akwai wayar wuta kusa, domin kana tsaye a ƙasa da sanda ɗaya da tef za ka samu amsar cikin minti goma in dai akwai rana.

Sirrin abin guda ɗaya ne. Rana tana da nisa sosai, saboda haka a lokaci ɗaya a unguwa ɗaya haskenta ta kusurwa ɗaya yake sauko wa komai, da sandarka da itacen da benen duk ɗaya. In inuwar sandarka ta yi rabin tsawon sandar, to inuwar itacen ma rabin tsawonsa ce, in ta ninka biyu tasa ma ta ninka biyu. Kenan kai da ka san tsawon sanda, ka auna inuwarta, ka auna inuwar itace a ƙasa inda hannunka ke kaiwa, abu na huɗu ne kawai ya rage maka wato tsawon itacen, shi kuma lissafi zai fito da shi. Kuma ba baƙon abu bane a wajenmu, iyayenmu kafin agogo ya yawaita da inuwa suke gane azahar da la'asar, mutum ya tsaya a rana ya ƙirga inuwarsa da tafin ƙafa.

Kayan aiki ba su da yawa: sanda miƙaƙƙiya wadda ba ta da lanƙwasa (sandar tsintsiyar mofa, guntun rodi ko guntun fayif duk sun yi), tef na awo irin na kafinta ko na birkila, alli ko gawayi, ƙananan duwatsu, igiya, da kalkuletar waya. Sai mutum ɗaya da zai taya ka, wannan kam dole ne, za ka ga dalili a gaba. Shawarata ka yanke sandar ta zama mita 1 cif, santimita 100 kenan, domin lissafin zai zama rabawa sau ɗaya kawai. In kai ɗan ƙafa da inci ne kamar yawancin masu aikin gini, yanke ta ƙafa 4 ko ƙafa 5.

Mataki na farko, zaɓar lokaci

A nan Legas tsakiyar rana ba ƙarfe 12 bane, rana tana kaiwa tsaka ne tsakanin 12:30 da 1:00 gwargwadon wata, kuma muna kusa da tsakiyar duniya (digiri 6 da rabi kawai a arewa), shi ya sa da tsakar rana inuwa take shigewa ƙarƙashin ƙafa. Sau biyu a shekara ma, wajen farkon Afrilu da farkon Satumba, rana tana tsayawa a saman kai sak, ka kafa sanda ka nemi inuwarta ka rasa. Don haka ka manta da awo daga 11:30 zuwa 2:00, inuwar ta yi gajarta, kuskuren yatsa ɗaya a sanda sai ya zama mita a itace.

Sassafe da dab da magariba su ma ba su yi ba, inuwa ta yi tsawo ta tsallaka titi ta shiga gidan mutane, bakinta kuma ya dushe ba ka ganin inda ta ƙare. Lokacin da ya fi shi ne wajen 9:00 zuwa 10:30 na safe ko 3:00 zuwa 4:30 na yamma, sa'ad da inuwa take kusa da tsawon mai ita. Ka duba wane gefe ne yake da fili: da safe inuwa yamma take yi, da yamma kuma gabas, to gefen da ba mota ba shago ba kwata shi zai gaya maka ko safe za ka fito ko yamma. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli ɗin nan, sai ka yi haƙuri ka jira gajimare ya buɗe, ka shirya komai tukunna ranar na leƙowa ka yi alama. Da hazon Disamba da Janairu ana samun inuwa amma bakinta ba ya fita tas.

Mataki na biyu, kafa sanda

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke sakaci. Sandar dole ta tsaya cak, ba ta karkata gaba ko baya ba. Kar ka yarda da idonka. Ɗaure ɗan dutse ko noti a bakin igiya ka sake shi daga saman sandar, in igiyar ta bi jikin sandar daga sama har ƙasa to ta miƙe, in ta rabu da ita gyara. Ka duba ta gefe biyu, ta gaba da ta gefe, domin tana iya miƙewa ta nan ta kwanta ta can.

Bari in nuna maka abin da ƙaramar karkata take jawowa. Sandar mita 1 wadda inuwarta ta gaskiya santimita 80 ce, in kanta ya kauce da faɗin yatsa huɗu kawai, kamar santimita 8, zuwa gefen da inuwar take, sai ka auna 88. Itacen da yake mita 12 sai lissafi ya ba ka ƙasa da mita 11. Ka ga an yi asarar fiye da mita guda a abin da ido ba zai ma lura da shi ba, kuma wannan mitar ita ce tsakanin kwakwa ta faɗi a fili da ta faɗi a kan katangar lanlod.

In ƙasa ce mai laushi ka soka sandar, to ka tuna abin da ya shige ƙasa ba ya cikin lissafi, daga fuskar ƙasa zuwa sama za ka auna. In siminti ne ko intalok sai mai taya ka ya riƙe ta da yatsa biyu daga tsakiya, ko ka cika bokitin fenti da yashi ka kafa ta ciki, amma a nan ma tsawon daga ƙasa ake aunawa har da bokitin, inuwar kuma daga daidai ƙarƙashin sandar ba daga bakin bokiti ba. Sannan ka kafa ta kusa da abin da kake aunawa, a irin ƙasar da inuwarsa ta kwanta a kai. In wurin yana da ɗan gangare ba komai matuƙar gangaren iri ɗaya ne kuma sandar tana kansa ita ma. Abin da ba ya yiwuwa shi ne sanda a kan shimfiɗaɗɗen baranda, inuwar itace kuma tana gangarawa kwari.

Mataki na uku, alama a lokaci ɗaya

Inuwa ba ta jiran kowa. Rana tana tafiyar digiri 15 duk awa, wato a wajen ƙarfe 3:30 na yamma inuwar da take mita 10 kafin minti goma ta ƙara kusan santimita 90. To in ka auna ta sanda, ka tsaya gaisawa da mai shayi, ka amsa waya, sannan ka zo ka auna ta itace, ka haɗa awon lokaci biyu daban kuma amsarka ta lalace ba tare da ka sani ba.

Dabarar ita ce kar ka fara da tef, ka fara da alama. Kai ka tsaya a bakin inuwar itacen da alli a hannu, abokin aikinka yana bakin inuwar sanda da nasa, ka ce "yanzu", kowa ya ja layi. Shikenan an kama ta. Daga nan ko awa ɗaya za ku yi kuna jan tef ba matsala, alamar ba za ta motsa ba. In kai kaɗai ne babu yadda za ka yi, to fara ajiye dutse a bakin babbar inuwar ka ruga ka yi wa ta sanda alama, kar ya wuce rabin minti.

Za ka lura bakin inuwar dogon abu ba ya da kaifi, akwai wani ɗan tsakani da ba inuwa ba ba haske ba, dalili kuwa ita rana tana da faɗi, ba ɗigo bace. A abu mai mita 10 wannan dushi-dushin yana kai kusan taƙi guda. Ka sa alamarka a tsakiyarsa. In itace ne kuma iska tana kaɗa shi, musamman kwakwa da yamma in iskar teku ta taso, ka tsaya ka kalli kai da kawowar inuwar ka ɗauki tsakiya.

Mataki na huɗu, jan tef

Tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka ja tef ita ce: wane ɓangare ne na abin nan ya yi wannan bakin inuwar, kuma ina ne daidai ƙarƙashinsa? Daga nan ake fara awo. Falwaya ko fayif a tsaye ba wahala, daga tsakiyar gindinsa. Itace mai kauri kamar tsohon mangwaro, ba daga bayan ɓawo za ka fara ba, ka ƙara rabin kaurin gindin. Kwakwar da ta karkata kuwa sai ka je ka tsaya ƙarƙashin kanta ka ajiye dutse, daga dutsen za ka auna zuwa bakin inuwa, kuma ka sani abin da za ka samu shi ne nisan kanta daga ƙasa, gangar jikinta ta fi haka tsawo tunda a kwance-kwance take, kuma gangar jikin ce za ta kwanta a ƙasa ranar da aka sare ta.

Tef ɗin kafinta yawanci mita 5 ne ko 7 da rabi, ba zai kai ba. Ja igiya ka ɗaure ta tamau daga gindi zuwa alama, sai ka bi ta da tef gaɓa-gaɓa kana sa alli duk inda ya ƙare. Igiyar ce take hana ka yin kwana-kwana, domin awon da ya karkace kullum ƙari yake yi. Ta sanda kuma ka durƙusa ka auna ta da kyau har rabin santimita, ita ce ƙarama amma ita ce mai hukunci: kuskuren santimita 2 a inuwar santimita 80 yana zama santimita 30 a itacen mita 12.

Mataki na biyar, lissafi

Inuwar abu, sau tsawon sanda, a raba da inuwar sanda. Iyakarta kenan.

Misali kwakwar tsakar gida a Agege. Sanda mita 1, inuwarta santimita 80 wato 0.8, inuwar kwakwa mita 9.6. Danna 9.6 sau 1, raba da 0.8, ya ba ka 12. Kwakwa mita 12 ce, ƙafa 39 da ɗoriya (mita ɗaya ƙafa 3.28 ce). In maki ɗin nan yana rikita ka mayar da komai santimita: 960 sau 100 raba 80, 1200, santimita 1200 mita 12 kenan.

Misali na ƙafa, hasumiyar masallacin unguwa a Idi-Araba. Sanda ƙafa 4, inuwarta ƙafa 5, inuwar hasumiya ƙafa 45. To 45 sau 4 ya zama 180, raba da 5, ƙafa 36. Amma ga wani tarko da masu ƙafa da inci suke faɗawa: ƙafa 5 da inci 6 ba 5.6 bace a kalkuleta, 5.5 ce, domin inci 12 ne a ƙafa ba 10 ba. Mafita ka mayar da komai inci tun farko, ƙafa 5 da inci 6 inci 66, ka yi lissafinka, a ƙarshe ka raba da 12. Kuma don Allah kar a auna sanda da inci a auna itace da mita.

Kafin ka yarda da amsa ka yi mata duban hankali. In inuwar sanda ta fi sandar gajarta, dole abin ya fi inuwarsa tsawo. In ka ga akasin haka ka juya rabawar ne. Gini kuma kowane hawa yana kai kamar mita 3, to in ka auna bene mai hawa uku aka ce maka mita 20 koma ka sake. In bulo a fili yake ba a yi filasta ba ka ƙirga layi, bulo mai tsayin inci 9 da simintin tsakani layi huɗu kusan mita ɗaya ne. Sannan ka maimaita awon duka bayan minti ashirin, sabuwar alama sabon lissafi, lambobin za su canza amma amsar ya kamata ta dawo kusa da ta farko. In na farko ya ce 12 na biyu ya ce 12.3 kana kan hanya, ɗauki tsakiya. In ya ce 14 akwai abin da ya karkace, kuma yawanci sandar ce.

Wanda yake so ya gwada hannunsa tukunna ya nemi kwantena da ke ajiye a ƙasa, Apapa da Ijora ga su nan birjik, wasu ma an mai da su shago. Ta yau da kullum tsayinta ƙafa 8 da inci 6 ne, mita 2.59, doguwar kuma ƙafa 9 da inci 6, kusan mita 2.9. Auna ta da inuwa ka ga ko za ka samu haka, ka lura dai ko an ɗora ta a kan bulo ko katako.

In inuwar ta hau katanga fa?

Wannan ita ce matsalar Legas ta gaske, da wuya ka samu fili mita goma babu abin da ya tare. Inuwa ta taho a ƙasa ta ci karo da katanga ta miƙe sama. Mutane da yawa sai su haɗa ta ƙasa da ta jikin katanga su yi lissafi da jimlar, kuma ba daidai bane. Wadda ta kwanta a ƙasa ita kaɗai ake yi wa lissafin sanda, wadda ta hau katanga tsawonta na gaskiya ne, ƙara ta kawai za ka yi yadda take.

Ga misali, ƙarfen da aka ɗora tanki a kai. Daga ƙarƙashinsa zuwa gindin katanga, ka bi yadda inuwar ta tafi ko da a karkace ta nufi katangar, mita 4.8. A jikin katanga ta hau mita 1.5. Sandar mita 1 inuwarta mita 1.2. To 4.8 raba 1.2 ya ba da 4, ƙara 1.5, mita 5.5. Da ka haɗa su tun farko 6.3 raba 1.2 da 5.25 za ka samu, a nan bambancin kaɗan ne amma in rana ta yi ƙasa sosai sai ya yi yawa. Sharaɗi dai gindin katangar da gindin abin su zama a daidai, in katangar tana kan dakali ka auna hawan daga asalin ƙasa. In inuwar ta tsallake katangar gaba ɗaya ta faɗa gidan maƙwabci, ko ka yi sallama ka nemi izini, ko ka jira ranar ta ƙara ɗagawa.

Rufin gida mai tsini shi ma yana da nasa tarkon. Ƙololuwar tana tsakiyar gida, ba a saman bangon da kake tsaye kusa da shi ba, to sai ka ƙara nisan da ke tsakanin bango da ƙarƙashin ƙololuwar. Gida mai faɗin mita 8, ƙololuwa a tsakiya, ka jira lokacin da inuwa ta fito sak daga bangon ba a karkace ba: daga bango zuwa bakin inuwa mita 6.5, ƙara rabin faɗi 4, ya zama 10.5, inuwar sandar mita 1 kuma 1.5, amsa mita 7. Wanda ya manta da 4 ɗin nan zai ce gidan bai kai mita 4 da rabi ba. Ka tabbatar kuma inuwar ƙololuwar kake gani ba ta bakin kwano ba, in rana tana sama ta bakin kwano ce take rufe ta. Wannan matsalar tsohuwa ce, ana ba da labarin wani masanin Girka mai suna Talis, mutumin Militus a ƙasar Turkiyya ta yanzu, wanda kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya auna dalar Masar da inuwa. Babbar dalar Giza faɗin gindinta kusan mita 230 ne, tsininta yana tsakiya, wato duk mai auna ta dole ya ƙara mita 115 da ke ɓoye ƙarƙashin dutse kafin ya samu tsawonta na asali, kusan mita 146.

In ba ka son lissafi sam

Akwai hanyar haƙuri. Kafa sanda, ka zana da'ira kewaye da ita wadda nisanta daga gindi daidai yake da tsawon sandar, ka zauna ka jira. Da bakin inuwar ya taɓa da'irar, a wannan lokacin inuwar komai daidai take da tsawonsa, a yi wa ta itacen alama nan take, abin da tef ya ce shi ne tsawon. A Legas wannan yana faɗowa wajen 9:45 zuwa 10:30 na safe, da yamma kuma tsakanin 3:00 da 4:00 saura, ya danganta da wata, Disamba ce take da wuri da yamma.

Sai dai kar wani ya ce to ai da an kira la'asar shikenan inuwa ta yi daidai da tsawo. A mazhabarmu ta Malikiyya la'asar tana shiga ne in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an ƙara inuwar zawali, wato ragowar da take nan lokacin da rana take tsaka. A farkon Afrilu da farkon Satumba ragowar nan kusan babu ita, amma a Disamba a nan Legas ta fi rabin tsawon abu, kenan lokacin la'asar inuwa ta haura tsawo ɗaya da rabi. Ga kuma masallatai kowa da mintocin da yake ƙarawa. Sandar dai ita za ka bi. Wannan inuwar ta Disamba masu sa sola ma ya kamata su san da ita: benen da yake kudu da kai wanda ya ɗara kwanonka da mita 10, da tsakar rana a watan zai jefo inuwa kusan mita 6 zuwa arewa, wanda ya kafa farantin sola a Afrilu yana ganin rana fes sai ya sha mamaki a ƙarshen shekara.

Babu sanda babu tef kuma, jikinka ma ya isa. Malaman fiƙihu suna ƙaddara tsayin mutum da tafin ƙafarsa bakwai. Tsaya a miƙe, wani ya sa dutse a bakin inuwar kanka da na itacen, ka ƙirga duka biyun da tafin ƙafa, dunduniya na taɓa yatsa. Taka ta zama 6, ta itace 42, wato itacen ya ninka ka sau 7, in tsayinka mita 1.7 ne ya kusa mita 12. Wannan na ƙiyasi ne, ya isa ka san ko tsanin maƙwabci zai kai, amma ba zan sare itace da shi ba.

Ranar da babu rana

Wani lokacin kwana da kwanaki gari a lumshe kuma aikin ba zai jira ba. Ɗauko madubi ka kwantar a ƙasa, ko faranti ka zuba ruwa (ruwan ya ma fi domin shi da kansa yake daidaita), ka ajiye shi nesa da itacen, ka ja da baya a hankali kana kallon ciki har sai ka hango kan itacen a tsakiyar farantin. Tsaya nan. Auna daga ƙasa zuwa idonka, ba saman kai ba, auna daga ƙafarka zuwa tsakiyar faranti, auna daga faranti zuwa gindin itace. Tsayin ido sau nisan itace, raba da nisanka. Ido mita 1.6, kai da faranti mita 2, faranti da itace mita 15: 1.6 sau 15 ya zama 24, raba 2, mita 12. Wannan tana son ƙasa a shimfiɗe sosai, kuma ka tsaya a miƙe kar ka sunkuya kana leƙe.

To ka samu lambar, yanzu a wajen saye ko sara kar ka yi aiki da ita cif. Fayif da waya ka ƙara na kwana da na shiga cikin tanki da abin da zai bi ƙasa zuwa famfo, inuwa tsayi kaɗai ta ba ka. Tsani kuma jingina shi ake yi, ƙa'idar ita ce duk hawan mita 4 gindinsa ya ja baya mita 1, kuma ya ɗara inda za a taka da kamar mita guda, wato bangon mita 6 yana son tsani mita 7 da ɗoriya. Itace kuwa in lissafi ya ce mita 12, filin da ke gabansa mita 13 ne, ni ban ɗauki wannan a matsayin ya isa ba, rassa suna tsalle kuma gindi yana zamewa, a kira masu inji su sauke shi gunduwa-gunduwa daga sama. Ka kuma tuna a jihar Legas sare itace yana buƙatar izinin LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, gara ka tambaya kafin a kunna inji. In kuma akwai wayar wuta kusa, tef na ƙarfe ya tsaya a ƙasa inda inuwar take, kar a ɗaga shi sama ko da wasa, haka ma rodin da ka yi sanda da shi.